Riƙon Wardi

A bakin titin da ya ratsa unguwarmu an buɗe wani shago da ake sayar da furannin roba. Akwai ja, akwai fari, akwai ruwan ɗorawa, an ɗaure su dami-dami an jera cikin bokitai, amare suna saye su kai ɗaki su ɗora bisa talabijin. Ranar da na fara wucewa ta wurin na tsaya na taɓa ɗaya. An yi masa har da ƙaya, sai dai ƙayar lanƙwashewa take yi idan an danna ta. Mai shagon ya ce mini, "Hajiya, wanga ba shi son ruwa, ba shi son taki, akuya ma ba ta ci nai." Na ce masa lallai an huta. Ban saya ba, ban kuma ji haushi ba. Amma tun daga ranar nake ta tuna wani abu da muke yi a garin nan muna 'yan mata, wanda ban ga alamar akwai sauran masu yinsa ba, na ce bari in rubuta shi tun ina iya tunawa.

Kaura da na taso a cikinta gari ne da jirgin ƙasa ke zuwa ya ƙare tafiyarsa, ya huta, ya juya. Kukansa muke fara ji tun kafin a ga hayaƙi, sai awaki su watse daga kan dogo, masu tallan fura da dafaffen rogo su ɗauki ƙorai su nufi tasha. Da safe abin da ke tashin mutum shi ne amon taɓare gida-gida, wannan ta buga waccan ta amsa, da ƙarar guga tana bugun bakin rijiya. Aikina a gidanmu ɗiban ruwa ne, ban kuma taɓa jin nauyinsa ba, domin rijiyar da ake aikena tana gidan wata tsohuwa a bayan tasha wadda kowa ke ce wa Gwaggo, ko da yake ba ta haɗa jini da kowa a unguwar ba. Mijinta kafin ya rasu shi ke kula da lambun gidajen ma'aikatan jirgi. Daga can ya kawo mata reshe ɗaya na wardi, wanda aka ce shi ma a jirgi ya zo daga wata ƙasar tuddai mai sanyi. Lokacin da na san gidan, reshen nan ya zama kurmi guda a gefen rijiya. Furensa ba irin manyan nan ba ne da ake gani a hoto. Ƙanana ne, ruwan hoda, a cunkushe, kuma idan sanyi ya shigo ƙamshinsu kan tarbi mutum tun daga zaure. Nakan ajiye tulu in tsaya ina kallo har a biyo sahuna daga gida. Littattafan soyayya ba su zo garinmu ba sai bayan na yi aure, amma halin ya riga su zuwa.

Duk yarinyar da ta cika tsayuwa a gaban kurmin nan, Gwaggo takan lura da ita. Wata rana sai ta yanko reshe mai kaurin tsinken tsire, ta soke shi a gwangwanin madara da aka huda wa gindi aka cika da yashin kogi, ta miƙa mata. "Wanga naki ne," in ji ta. "In ya mutu kada ki zo man da kuka." Ni da wata yarinya mai suna Kulu rana ɗaya aka ba mu namu. Kulu ɗiyar mahauci ce, gajera, mai saurin tafiya da saurin baki. Ba ma shiri. Ita ce ta laƙaba mini Mai kallon sama, wai don ta taɓa ganina na taka kashin jaki ina kallon gajimare. Da yake gidajenmu duka akwai awaki, a gidan Gwaggo muka bar gwangwanayen, da suka yi saiwa kuma aka dasa su a gindin katanga, nawa a nan, na Kulu a can, da tazarar taki kaɗan tsakani.

Wardi a ƙasarmu yana da lokutansa, kuma duk ba su yi kama da na gero ko dawa ba. Da bazara ba a neman komai gare shi sai ya rayu: a kafa masa zana ta tare rana, a zuba masa ruwan alwala da na wanke hatsi, a barbaɗa toka a gindi saboda gara. Da damina yakan yi ganye ya miƙe kamar ba zai tsaya ba. Sai kaka ta yi, an yanke gero, ruwa ya ɗauke, sannan aikin gaske yake zuwa. Gwaggo takan ce a sa shi azumi. A hana shi ruwa, a tone ƙasar gindinsa har saiwoyin sama su fito su sha iska, a bar shi haka har ganyensa ya yi rawaya ya fara zuba. Sannan a ɗauko wuƙa a datse shi, a bar 'yan guntaye da ba su wuce kamu ɗaya ba, a mayar da ƙasa haɗe da tsohon takin shanu, a ba shi ruwa ya ƙoshi. "In ya ji daɗi ganye shike yi," haka take gaya mana. "Sai ya ji ƙishi, ya ji wuƙa, sannan ya tuna da hure." Mun ji, mun ce to. Amma da kakar farko ta zo, ni nakan faki idonta in tsiyaya wa nawa ruwa daga bakin tulu, Kulu kuma, duk da ɗiyar mahauci ce, ta riƙe wuƙa ta zagaya nata ta zagaya, ta tsinke 'yan kawunan ganye ta ce ta gama. Sanyi ya zo, kurmin Gwaggo ya cika da fure, namu suka tsaya zaƙo-zaƙo, kore shar, babu ko toho ɗaya. Gwaggo ta ƙyale mu.

Sai da wata kakar ta zagayo. Wannan karon ita da kanta ta tsare azumin, ta hana mu kusantar katanga da tulu. Ranar yanka ta zauna bisa turmin da aka kife, tana tsince wake a faifai, ta kira mu ta ba kowace wuƙa.

"Ke, tsaya gaban na Kulu. Kulu, tsaya gaban nata."

Kulu ta dube ni sama da ƙasa. "Gwaggo, wagga ko albasa ba ta iya yankawa. Kallon sama za ta yi ta kashe man shi."

"To ga nata nan gabanki. In ta ɓata maki, ki rama."

Ban ko ɗaga hannu ba na ji ƙas. Kulu ta sare reshen da na fi so, wanda ya kai mini kafaɗa, wanda nake shafawa kowace safiya. Ya faɗi a ƙasa da sauran ganyensa. Ban san lokacin da na kama mafi tsawo a nata na datse ba. Ta yanke wani, na yanke wani. Ba mai kallon 'yar'uwarta, sai ƙarar wuƙa kawai, ƙaya na sukarmu ba ma ji. Gwaggo ba ta ɗaga kai daga wakenta ba, abin da kawai take faɗi jefi-jefi shi ne, "Bisa ido, ba ƙarƙashi nai ba," wato a yanke sama da ɗan kumburin da toho ke fitowa. Da muka tsaya babu abin da ya rage sai guntaye kamar turakun ɗaure akuya. Na tafi gida ina kuka, na mance tuluna. Daga ranar ko a bakin rijiya muka haɗu ba ma gaisawa.

Bayan wasu kwanaki guntayen suka fitar da toho ja kamar an shafa masu lalle. Tohon ya zama reshe, reshen ya yi kai. Wata safiya ta sanyi, irin wadda guga ke ƙona hannu, na shiga gidan na ishe Kulu tsaye da tulu a kai, ta mance ba ta sauke ba. Duka biyun sun buɗe. Na tsaya kusa da ita muna kallo, sannan ta ce, "Naki ya hi nawa yawa. Kin gani, ni na iya yanka." Na ce nata ya fi nawa girman fure, ashe kuwa Mai kallon sama ta iya wani abu. Ta yi dariya har ruwa ya zubo mata a wuya. Gwaggo ta fito daga ɗaki da carbi a hannu ta ce, "Kun san abin da ya sa ake ba da riƙon ɗan hwari? Tausai ke hana uwa tai mai abin da ya kamata. Daga yau ke riƙe nata, ita ta riƙe naki."

Haka take yi wa duk 'yan matan da suka bi ta hannunta, ashe, biyu-biyu, mu dai ba mu sani ba sai da ya zo kanmu. Abin yana da ƙa'idojinsa da ba a rubuta ba. Itacen da ke hannunki da sunan mai shi ake kiransa, ba da naki ba. Ke ke shayar da shi, ke ke sa shi azumi, ke ke yanka. Furen farko na kowace shekara kuma ba naki ba ne. Sai ki tsinke shi, ki shanya a inuwa bisa faifai, ki ƙulle a ɗan ƙyalle ki aika wa mai shi, ta sa cikin akwatin tufafinta. Sauran furen kuwa kin ga dama, ko ki jiƙa a ruwan wanka, ko ki zuba a shayi, ko ki bar shi ya zube da kansa. Idan ƙullin nan ya iso, ba sai an haɗo da dogon saƙo ba. An san mai riƙo tana raye, hannunta da ƙarfi, rijiyarsu ba ta ƙafe ba, kuma ba ta mance ba.

Aure ya rarraba mu. Wasu aka kai su Shinkafi, wasu Ɗan Isa, Kulu kuma aka kai ta wani ƙauye bayan Zurmi, wajen Birnin Tsaba, gidan manoma masu shanu. Ni na zauna a Kaura, gidan wani mai sayen hatsi. Na haƙo na Kulu da ƙasarsa na kai gidan mijina. Ita hanyarta da nisa, sai ta yanki reshen nawa ta soke shi cikin dankali, wanda mu nan muke ce wa kudaku, don kada ya bushe a mota. Da haka reshe ke tafiya a zamanin nan, cikin kudaku, a gefen buhunan gero, ran kasuwa. Akwai wata amarya da aka kai Shinkafi, ta binne reshenta da kudakun gaba ɗaya, reshen ya mutu, kudakun ya tsiro. Ta yi ta ba shi ruwa, har ta aiko wa Gwaggo cewa wardin Shinkafi ba ya tsayawa, rarrafe yake yi. Gwaggo ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce a gaya mata ta ci gaba da shayarwa, ko ba komai za ta ci.

A shekarun nan ne littattafan suka zo. Ƙanwar mijina ke sayo su a kasuwa, mu yi ta musanya gida-gida har bangonsu ya yage. Nakan gama aikin rana in shimfiɗa tabarma kusa da Kulu, wato itacen, in karanta har la'asar. A cikinsu saurayi yakan fito daga mota, da agogon zinari a hannu, ya miƙa wa budurwa fure, ya yi mata magana mai tsawo da ba wanda na taɓa ji yana yin irinta a Kaura. Na san ƙirƙira ce, amma na so a yi mini ko sau ɗaya. Mijina mutumin kirki ne. Yakan ce, "Wanga itace naki ko miya ba a yi da shi," amma ranar da akuya ta cinye rabinsa shi ya saro ƙaya ya kewaye shi, kuma duk kaka yakan sa a ɗoro mini buhun tsohon taki daga rugagen wajen Ɗan Isa. Wata safiya na tsinki fure na ajiye kusa da butarsa, ina fatan ya ɗauka ya miƙo mini. Ya ɗauka, ya sansana, ya ce madalla, ya jefa aljihu ya tafi kasuwa. Ban taɓa gaya masa abin da nake jira ba har Allah ya karɓi abinsa. Kulu kaɗai na gaya wa, wani zuwa da ta yi biki, ta yi dariya har da hawaye, daga ranar ta canza mini suna daga Mai kallon sama zuwa Mai littafi.

Ba rana ɗaya abubuwa suka canza ba, shi ya sa ba a lura. Jirgi ya rage zuwa, sannan ya daina, ciyawa ta rufe dogo. Gwaggo ta rasu, aka sayar da gidan, wanda ya saya ya sare kurmin ya shafe tsakar gida da siminti. Rijiyoyin unguwa suka ja baya, ruwa ya koma na 'yan garuwa da jarkoki, wanda ba a zubar da shi ga abin da ba a ci. Gidaje masu faɗi aka yanyanka su ɗaki-ɗaki. Amon taɓare ya tafi, injin niƙa ya karɓa. Matan Shinkafi na zamaninmu, wasu sun rasu, wasu itatuwansu sun riga su. Sannan hanya ta lalace, ba ta fuskar kwalta ba. A da mace takan hau motar Zurmi da safe don ta je suna ta dawo da yamma. Yanzu sai an tambaya, an sake tambaya, sannan a fasa. Ƙullin Kulu ya fara tsallake shekara, daga baya ya daina zuwa. Sai labari na ji a bakin mutane cewa ƙauyensu ya tashi gaba ɗaya saboda mutanen daji, kowa ya kama inda yake da dangi.

Da na ji haka sai na zauna na yi lissafin itatuwan da suka fito daga kurmin Gwaggo, na ga babu saura sai wanda ke tsakar gidana. Daga wannan shekarar hannuna ya mutu. Kaka ta yi, na wasa wuƙa, na tsaya gabansa, na koma ɗaki. Tsohon itace ne, idan aka datse shi ba lallai ya sake tohowa ba, idan kuma bai toho ba shi ke nan, babu inda za a je a roƙo reshe. Kakar gaba ma haka. Na ci gaba da shayar da shi rani da damina, ban sake sa shi azumi ba. Ya yi tsawo ya wuce katanga, jikinsa ya yi kauri ya yi toka-toka, ganye ya koma can sama, fure ya ragu har ya ɗauke. Rassan suka fara bushewa ɗaya bayan ɗaya daga ciki. Ina gani, na kuma san dalili.

Kakar bara Kulu ta shigo gidana. Ɗanta ya kama masu ɗaki a bayan tsohuwar tasha bayan sun gama zagaya dangi, matarsa ce ta riƙo hannunta, domin yanar ido ta rufe mata gani, haske da duhu kawai take bambancewa. Ta ƙara gajarta. Muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyyar mazajenmu, muka lissafa waɗanda suka tafi. Na kawo mata fura ta sha. Ta ajiye ludayi ta ce, "To, Mai littahi, kai ni in gaishe da kaina."

Na kai ta gaban itacen. Ta sa hannu tun daga gindi tana shafawa zuwa sama, ta ƙwanƙwasa wani reshe da farce, ta karya wani busasshe ta sansana.

"Yaushe rabonki da yanka?"

"An daɗe."

"Kin maishe ni kurmin aljannu. Ko tsuntsu ba shi kwana nan."

Na tambaye ta nawa, wanda ta riƙe. Hannunta na kan itacen ta ce, "Ran da munka hito na juye mai duk ruwan da ke cikin randa. Shina da toho lokacin. Babu wurin neman kudaku." 

Na ce mata to ta gani, wannan kaɗai ya rage, shi ya sa na bar shi.

"Shi ya sa za a yanke shi."

"In ya mutu fa, Kulu?"

"Yanzu mi shike yi? Mutuwa ce, a tsaye."

Na ce ai nata ne, sunanta gare shi, ita ke da iko, amma ta yi tunani. Ta girgiza kai. "Ba nawa ba ne. Abin da kinka kasa yankawa naki ne, ko kin mance Gwaggo? Ya zama naki tuni, ba ki sani ba. Ni ko ba ni da ko tukunya yanzu, hannuna sake shike. Ni ke riƙo. Daga yau kada ki ƙara ba shi ruwa, kuma in kin tsiyaya mai a ɓoye, ina ji ga ƙasa."

Ta sa surukarta ta tone gindin, suka tafi. Na bi umarni. Kowace safiya nakan yi alwala in ɗauki ruwan in kai wa bishiyar dogon yaro ta ƙofar gida, in wuce itacen ban dube shi ba. Ganyen sama ya yi rawaya ya zubo. Ranar da Kulu ta dawo ta zo da wuƙar mahaifinta, wadda ta ce ita da carbi kaɗai ta fito da su, bakinta ya sirance saboda wasawa. Ta durƙusa, tana neman ido da babban yatsa, in ta samu ta ɗora wuƙa bisa shi. Manyan rassan sai da aka aro zarto a maƙwabta. Ƙaya ta yayyage mata hannu, ba ta kula ba. Ni ina tsaye bayanta, da na ji ƙas na farko sai na ji kamar ina gidan Gwaggo, har ƙamshin waken nan.

"Mai littahi, in kuka za ki yi matsa can, kina tare man haske."

"Wane haske kike gani?"

"Wanda kike tarewa."

Da ta gama, guntaye huɗu ko biyar suka rage, tsofaffi, masu tsagaggen baya. Tsakar gidan ya yi faɗi, katangar da na daɗe ban gani ba ta fito. Daga cikin abin da aka sare muka tsinci 'yan rassan da ke da sauran ɗanye, ba su da yawa, muka soke su a gwangwanayen tumatir. Muka mayar da ƙasa da taki, na juye jarka guda a gindin.

Sai jira. Ɗaya daga guntayen ya yi baƙi ya bushe, wani ya bi shi. Rassan gwangwani ma yawancinsu suka ƙi. Nakan fito bayan sallar asuba in duba, in ga itace kamar na hura wuta, in koma. Ban zargi Kulu ba, ban kuma gaya mata komai ba. Takan zo duk Juma'a ta durƙusa ta shafa guntayen ɗaya-ɗaya, ta tashi ta karkaɗe zane ta tambayi abin da na dafa. Wata Juma'a ta daɗe a durƙushe, yatsanta a wuri ɗaya. Ta ce in kawo hannuna. Ta ɗora yatsana ƙasan wani tsagi, na ji ɗan kumburi kamar ƙwayar gero. Ni mai idanu ban gan shi ba. Kafin wata Juma'ar ya fashe, ja kamar lalle.

Furen farko ya buɗe cikin tsakiyar sanyi. Guda ɗaya ne, ƙarami, ya ɗan karkace. Ƙamshinsa ne ya fara gaya mini, tun ina ɗaki. Na ɗauko faifai da ɗan ƙyalle kamar yadda na saba yi shekara da shekaru, zan tsinke in shanya mata, sai na ji sallamarta a zaure. Ba ranar zuwanta ba ce. Ta ce ta lissafa a ranta ya kamata a ce ya buɗe.

"Kada ki taɓa," in ji ta. "Mai riƙo ke tsinka."

Ta laluba ta same shi, ta yanke da tsawon kara, ta bi ƙayoyin ta ɓalle su da farce ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta miƙe tsaye, ta gyara mayafi, ta miƙo shi. Hannunta bai nufo ni daidai ba, ya ɗan kauce wajen randa, sai na matsa na tsaya inda ya nufa.

"Ungo, Mai littahi. Na hwari na mai shi ne. Ba ni da mota, ba ni da agogon zinari, da haƙuri."

Na karɓa da hannu biyu. A littattafan nan, a daidai wurin nan ake yin doguwar magana. Kulu kuwa cewa ta yi sanyi ya kama mata gwiwa, in ɗauko mata kujera in ɗora kunu.